Abin da Ya Sami Tafkin Kanya

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Auta, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙonsa takardar nan ta same ki lafiya a gidan yayanki Yakubu a Zariya, kafin ki kama hanyar kudu. Allah ya tsare ki a mota, ya tsare ki a kan ruwa, ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Maƙwabcinmu Malam Isiyaku ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Kin san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba. Na ce masa ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliyar malaman makaranta. Ya ce shekara talatin ya yi yana koyarwa bai gamu da mai taurin kai irina ba, amma zai rubuta, in da zunubi a ciki yana wuyana. Za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Na kira sau biyu tun da kika tafi. Da na ji muryarki sai in tambaye ki ko kin ci abinci, in kashe.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Kwana huɗu ke nan da barin ki Gozaki, ba abin da ya canza sai ƙofar ɗakinki da na ja. Maganar da kika yi ranar Alhamis a gindin darbejiya, bayan baƙin da suka zo addu'ar cikar shekara ta Innarki sun watse, ita ce ta hana ni sakat.

Kin ba mu labarin dabbar nan da kike aiki a kanta, dolfin, wadda kika ce a ruwa take amma ba kifi ba ce, tana shayar da ɗanta nono, kuma dole ta leƙo sama ta shaƙi iska kamar mu. Kika ce akwai wata uwa a cikinsu da kika shekara tara kina bi a kwalekwale, kin san ta da wata tsaga a fiffiken bayanta yadda makiyayi ya san saniyarsa a cikin garke, kin ga haihuwarta uku. Watan jiya ta faɗa tarun wani masunci, ta kasa tasowa ta sha iska, ta mutu. Shi masuncin ne ya aiko a kira ki, kika same ta kwance a kan yashi. Kika ce in kin koma za ki kai sunansa ga hukuma a kama shi, a ƙwace tarun, saura su gani su ji tsoro, domin kin sha gaya musu kada su kafa taru a wannan mashigi. Yakubu ya ce ki bi a hankali. Sai kika ce, "Wanda ya san abu yana da rai ya halaka shi don cikinsa, ni ban ɗauke shi mutum ba."

Kin zaci ban saurara ba ne, kamar yadda na saba in kina maganar aikinki. Na ji sarai. Tashi na yi na ce zan duba akuya, alhali akuya na ɗaure da harawarta a gaba.

Kin san Tafkin Kanya, ko in ce kin san inda yake a da, wurin da yanzu ake 'yan tumatir da rani. Tun kina ƙarama kike sa ni in lissafa miki kifayen da ke ciki, tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, in kwatanta miki girmansu da hannu. Kullum kika tambaye ni ina suka tafi, in ce fari ne ya cinye tafkin. Kin gaya mini da bakinki cewa in kika tsaya gaban manyan masana, da labarin nan kike farawa, cewa ke 'yar ƙauyen da ba ya da teku ce, tafkin da fari ya kashe shi ya kai ki bin dabbobin ruwa. Kin faɗa mini ne don in ji daɗi. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Bari in fara daga kakanki Nomau, wanda ba ki tarar ba. Sarkin Ruwa ake ce masa, ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani, gado ne daga ubansa. Da ruwan farko ya sauka zai sare turaku ya kakkafa a bakin tafki. Daga ranar ba mai jefa ƙugiya, ba mai sa homa, sai an girbe dawa an kai rumbu, ruwa ya ja baya. Shanu su sha, mata su ɗiba, amma kifi a bar shi. Ranar buɗewa zai yanka jan zakara a gindin kanyar, ya yi 'yan maganganunsa, ya cire turaku, gari duka ya faɗa ruwa, Musulmi da Maguzawa, har daga Kafur ana zuwa. Yini ɗaya, in kifi ya yi yawa biyu. Amma akwai wani gurbi mai zurfi ƙarƙashin saiwoyin kanyar, nan turakunsa ba sa fita rani da damina. Yakan ce ɗakin masu tafki ne, wato iskokin ruwa, wanda ya shiga ba zai ga wata damina ba.

Ina saurayi masu bishara suka iso unguwarmu, na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma. Ban yi nadamar wannan ba, kuma ba zan yi ba. Amma na ɗauki zafin sabon tuba na sauke a kan tsoho. A gaban mutane na ce masa asarar zakara yake yi, ba kowa a gurbin nan sai laka. Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni, in na cinye dawata duka har da wadda na ware don iri, me zan kai gona in ruwa ya sauka. Na ce ina ruwan dawa da kifi. Samari suka yi dariya, na ji ni wani ne.

Sai da na yi furfura na gane abin da yake nufi. Gurbin nan rumbun iri ne. Manyan kifaye masu ƙwai can suke fakewa ranar kamun kifi, su ne ke sake cika tafkin. Zakaran kuwa makulli ne, don ba wanda ke tsoron Nomau, ɗan siririn tsoho mai ɗingishi, amma kowa na tsoron masu tafki. Ni na ga zakara, ban ga iri ba, na haɗa su na watsar. Ban ce ki yarda da tsafi ba, Auta, kin san gidan da kika fito. Amma mutanen bakin tekun nan ba jiya suka fara shiga ruwa ba. Dole suna da ranakun da ba sa fita, da wuraren da kakanninsu suka hana, da dabbar da ba sa ci. In tsoho ya ce miki wani wuri na iskoki ne, kada ki yi murmushin 'yan boko. Ki zauna ki tambaye shi tun yaushe, a wane wata, me ake gani a wurin. Mai yiwuwa abin da kike nema da na'ura shi ne yake gaya miki da irin bakinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko Malam daga inuwarsa.

Shekarar da zan auri Innarki auduga ta yi kyau. Lokacin malaman gona sun kawo mana maganin feshi a gwangwani, mai warin da ke bin mutum har gida, na yi amfani da shi ya rage mini kusan rabi. Wani direban babbar mota da ke kai auduga Funtua ya ce mini a wasu garuruwa da shi ake kama kifi. Ka zuba kaɗan, su taso suna juyi kamar bugaggu, ka kwashi na kwasa da hannu, saura su farfaɗo. Biki ya matso, saura mako biyu a buɗe tafki. Na je na roƙi kakanki ya buɗe da wuri don in ciyar da dangin amarya da kifi, su san ɗan Sarkin Ruwa suka ba ɗiya. Ya ce turaku ba su san biki ba.

Ranar kasuwa da hantsi, da gari ya watse, na ɗauki gwangwanin da kwando biyu na tafi. Ba a gefe na zuba ba. A gurbin na zuba, don in nuna wa kaina ba kowa a ciki. Ba kaɗan na zuba ba kuma, na tuttule shi duka, don ban san mene ne kaɗan ba, ban kuma tambaya ba.

Kafin rana ta take tsaka ruwa ya fara motsi. Ƙanana suka fara tasowa, cikinsu a sama. Sai manya, tarwaɗa irin waɗanda ban taɓa sanin akwai su ba, wasu sun kai tsawon ƙafata, suna buɗe baki suna karo da saiwoyi. Har gaiwa, wadda fari ma ba ya kashe ta don takan shige laka ta yi barci sai damina, na ga tana jan jiki tana neman hawa tudu. Na tsaya ina jiran su farfaɗo yadda direba ya ce. Ba wanda ya farfaɗo. Ruwa ya yi fari fat da cikin kifi tun daga kanya har mashayar shanu. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Na cusa gwangwanin a ramin suri, na koma gida da kwanduna wayam, na zauna ina gyaran igiya kamar tun safe nake wurin.

Washegari aka tsinci zalɓe da kififiya da tsari a mace a bakin ruwa. Kafin wannan kuma, da yammacin ranar, an kai bijimai biyu na huɗa shan ruwa. Ɗaya ya faɗi kafin ya kai gida, ɗayan ya rayu amma bai ƙara jan garma ba. Bijiman Alhaji Mamman ne, mahaifin wannan da ke rubuta miki takarda. Daminar da ta biyo da fartanya suka yi noma, shi da 'ya'yansa, rabin gonar ya kwana saura, ba a noma shi ba.

Da na kawo nan Malam Isiyaku ya ajiye biro. Ya ce lokacin la'asar ya yi, ya ɗauki butarsa ya fita. Na zauna ni kaɗai da takarda a kan tabarma, ba na iya karanta ko abin da na faɗa, ban san ko zai dawo ba. Shekara sittin muna raba goro da mutumin nan, shi ya riƙe ni a bakin kabarin Innarki. Ya dawo, ya zauna, ya ɗauki biro. Ya ce, "Tanko, da ka faɗa tun Baba na da rai, da ya yafe maka kafin ka rufe baki. Yanzu ni ka bar wa aikin." Na ce haka ne. Ya ce in ci gaba, hannunsa bai gaji ba.

To, na ci gaba, don abin da ya rage ya fi muni.

Akwai wani baƙo masunci daga wajen Yawuri da ya sauka a garin da matarsa, yana saƙa homa yana sayarwa, yana jiran ranar buɗewa. Da aka rasa wanda za a kama sai aka ce shi ne, baƙo ne, ya san dabarun ruwa. Aka fito da shi, aka yi masa dukan tsiya, aka ƙone ragarsa da zarensa, aka raka su da jifa har bayan gari. Yana ta cewa shi ba ya kashe abin da ke ciyar da shi. Ina cikin taron. Ban ɗaga sanda ba, ban kuma buɗe baki ba.

Kakanki ne kaɗai ya ce a bar mutumin, amma ba wanda ya ji shi. Da aka watse ya kira ni bayan rumbu. Ya kama hannuna ya kai hancinsa, ya daɗe a haka, ya saki. Ya ce, "Je ka wanke." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai tona ni ba, ɗansa ne ni, biki saura kwanaki. Amma da ruwan farko ya sauka bai sare turaku ba, ba a kuma sake kafa su ba har yau. Ya yi shekara shida bayan haka. Muna gaisawa, muna cin tuwo a akushi ɗaya, amma bai ƙara yi mini maganar ruwa ba. Duk abin da ya sani, watan da kowane kifi ke ƙwai, ciyawar da ba a cirewa a bakin tafki, yadda ake gane ruwa ya isa buɗewa, ya tafi da shi kabari. Ni ne ya kamata in karɓa.

Gaskiya ita ce kifin shekara ɗaya kawai maganin ya kashe. Da rafi ya yi ambaliya wasu kifaye sun dawo. Amma ba turaku, ba tsoron masu tafki, tunda an ga an taɓa gurbin kuma ba wanda ya mutu. Kowa ya riƙa shiga lokacin da ya ga dama. Wasu suka koyi zuba magani, a ɓoye, don sun ga abin da aka yi wa baƙon. Dukan nan bai hana kowa ba, ya dai koya wa mutane ɓoyewa. Masu gona suka yi ta matsowa da huɗa har baki, ƙasa ta riƙa zubawa ciki. Fari ya zo daga baya ya tarar da tafkin a kwance, ni kuma na samu wanda zan ɗora wa.

Kin san matsayina a garin nan. In an yi rigimar iyakar gona ni ake ɗauka a babur in nuna inda kukar da aka sare take. Ni na san wa ya haifi wa tun hawa biyar, wace shekara fara ta zo, wa ya fara gina rijiya. An yarda Tanko ba ya mantuwa, ba ya ƙari. A kan abu ɗaya na yi ƙarya, kuma don an yarda da ni ƙaryar ta zama tarihi, har ta hau jirgin sama ta bi ki ƙasashen da ban san sunansu ba.

Yanzu ki dubi masuncinki. Ban ce bai yi laifi ba, kin gargaɗe shi bai ji ba, ni ma an gargaɗe ni. Amma ya aiko a kira ki. Da ya so, da ya yanka ta ya sa a ƙugiya, ko ya tura ta ruwa ya tafi da ita, ki yi shekaru kina leƙen tsagarta a cikin kwalekwale ba ki san ta mutu ba. Ya san za ki yi fushi, ya san kina da hanyar hukuma, duk da haka ya aika. Abin da ya yi a yini ɗaya, ni ubanki na kasa yin sa a shekara hamsin da ɗoriya. In ba ki ɗauke shi mutum ba, ban san inda za ki ajiye ni ba.

In kika sa aka kama shi, na gaba ba zai kira ki ba. Dabbobin za su ci gaba da faɗawa taru, ke kuma ba za ki ji ba, littafinki zai nuna lafiya lau har ranar da za ki fita ki rasa ko ɗaya. Shawarata, kafin ki je ofis ki je gidansa. Ki gaishe shi yadda ake gaisuwa a garinsu, ki tambaye shi me ya kai shi mashigin, ko kifi ya ƙare a sauran wuraren ne, bakuna nawa yake ciyarwa. Ki nuna masa hotunan 'ya'yanta ukun nan. Sannan ki nemi tsofaffinsu, su ne za su ce daga nan zuwa nan, daga wata kaza zuwa wata kaza, ba taru. Iyakar da baƙo ya shata, yana juya baya ake tsallake ta. Turakun kakanki kuwa ba wanda ya taɓa ƙetare su sai ɗan cikinsa. In kin yi duk wannan ya ƙi, to hukuma na nan, ba ta gudu. Aikinki ne, kin fi ni sani, hukunci naki ne. Ni dai na faɗi abin da na gani da idona.

Akwai wani kuskuren kuma, wanda ke ya fi shafa. Da kika ce ilimin halittun ruwa za ki karanta, na ce ba da yawuna ba, na ce ki yi aikin asibiti a Malumfashi kamar 'ya'yan mutane. Da kika fara aiki, in aka tambaye ni sai in ce tana can tana ƙirga kifi, a yi dariya. In kin miƙo mini waya in ga hoto, in ce idona ba ya gani, alhali ina hango shaho a kan rimi. Kin ɗauka raina aikin nake yi. Ba raini ba ne. Duk lokacin da kika buɗe baki kan ruwa, warin maganin nan nake ji a hannuna.

Innarki ce ta biya wannan. Sau uku kina aiko mana mu zo mu ga teku. Ta ɗinka atamfa, ta yi kitso, ta yi ta tambayar matan majami'a ko gaske ne ruwan ba ya da ƙarshe. Na farko na ce ana shuka. Na biyu na ce ana girbi. Na uku ban ma nemi dalili ba, na ce ba za ni ba, ita kuma ba ta tafiya ta bar ni. Takan ce, "Mai gida, ko sau ɗaya ne, in ga abin da ya ɗauke mini ɗiya." In ce badi. Atamfar na nan a akwatinta, ba ta taɓa ɗaura ta ba. Ta tafi ba ta ga teku ba, ba ta kuma san dalilin da ya sa aka yi bikinta ba kifi ba.

Mutane na cewa kaɗaici ya kama ni tun rasuwarta. Gaskiya ne gidan ya yi girma. Nakan dafa shayi kofi biyu ba da sani ba, nakan juya in faɗa mata wani abu in ga turmi. Da la'asar in zauna a zaure ina jin babura na wucewa, ba wanda ke tsayawa sai mai neman iyakar gona. Amma kaɗaicina ya girmi mutuwarta. Mutumin da ke riƙe da abin da ba zai iya faɗa wa matarsa ba, shi kaɗai ne ko da gida cike yake. Saboda haka in kin yi kuskure a aikinki, ƙirga ce ta ɓace miki, ko injin jirginku ne ya sari wata dabba, ko shawara kika bayar ta jawo ɓarna, ki faɗa a ranar, tun yana da zafi. Ranar farko kunya ce kawai. In ya kwana shekara ya zama ɗaki, ki shiga ki rufe, ba mai iya shigowa.

Kuma kada ki zauna daga ke sai kwalekwale da littafi. Yakubu ya ce mini wani lokaci kina wata guda ba ki yi hira da kowa ba sai mai tuƙa jirgi. Na san halin, nawa ne kika ɗauko. Ki samu gidan da za ki riƙa cin abinci da mutane ko sau ɗaya a mako, ki je majami'a ko ba ki jin yarensu, ki bari a san ciwonki. In wani ya ce ki zo ki ga abin da yake ƙauna, ki je a lokacin, kada ki ce badi.

Na roƙi Fasto ya ba ni wuri bayan wa'azi ranar Lahadi mai zuwa, zan tsaya in faɗi wannan da bakina. Na kuma ce wa Malam duk wanda ya tambaye shi a masallaci ya gaya masa, kada ya rufa mini. Wataƙila daga nan a daina ɗauka ta a babur. Ba komai. Ke ma ina roƙon ki, in kin sake tsayawa gaban mutane, ki gyara labarin. Kada ki ce fari. Ki ce mahaifina ne, da rabin gwangwanin maganin auduga, don yana son ya burge dangin amarya. Zai fi yi musu amfani.

Abu ɗaya ne ba zan iya gyarawa ba. Mutumin Yawurin nan, na so in nemi zuriyarsa in roƙi gafara, sai na tarar ban san sunansa ba. Ni da na san sunan jakin kowa a garin nan. Baƙo muke ce masa, da Baƙo aka doke shi, da Baƙo ya tafi. Na tambayi Malam, shi ma bai sani ba, kuma ba wanda ya rage da za a tambaya. In na durƙusa yin addu'a sai in ce mutumin nan, Ubangiji ka san shi. Don haka ko me kika yanke a kan masuncinki, ki aiko mini da sunansa, na yanka da na ubansa. Ina so in riƙa ambatonsa da safe tare da naki.

In bayan kin karanta wannan kin ji ba ki son jin muryata na wani lokaci, ba zan ga laifinki ba, ba kuma zan aiko Yakubu ya yi miki magana ba. In Kirsimeti ta zo ba ki zo ba, zan san dalili. Ba zan kira ba. Zan jira.

Allah ya kai ki lafiya, Auta. Ya kwantar miki da ruwa ranar da za ki fita, ya dawo da ke tudu kafin iska ta taso. Ya ba ki ido mai gani da bakin da ba ya jinkirin gaskiya. Ya raya dabbobin da ya ba ki kiwo, ya ciyar da mutanen da ke zaune kusa da su. Ya sa ki fi ubanki. Malam Isiyaku yana gaishe ki, ya ce in gaya miki bai canza ko kalma ɗaya ba.

Ni ne mahaifinki,
Tanko Nomau, Gozaki